Shoprite da Spar: Ina Bambancin Yake?

Shoprite da Spar kamfanonin manyan kantunan sayayya ne. Shoprite na Afirka ta Kudu ne. Ya buɗe shagonsa na farko a Legas a 2005, ya iso Kano a 2014. A lokacin, uwar kamfanin ce ke zuba jari, tana tafiyar da rassan da kanta. Nan gizo ke saƙa: ciniki da naira ake yi, amma wani ɓangare na kaya daga waje yake zuwa, ga jinkirin tashar jiragen ruwa. Naira na faɗuwa, riba ta zaizaye. A 2021 ya sayar da rassansa na Najeriya ga 'yan kasuwar gida, reshen Kano kuma ya rufe a farkon 2024.

Spar, ɗan Holan da aka kafa a 1932, lasisin sunansa yake bayarwa. A Najeriya kamfanin Artee ne ke riƙe da shi, don haka riba da asara duk nasa ne. Tsarin ya fi jure girgiza.

Masu sayayya kuwa ba ruwansu da wannan lissafi. Shoprite sun san shi da layin burodi mai zafi, Spar da firji da talabijin. Buhun shinkafa dai mutanen Kano kasuwar Singa suke nufa, inda ake taya farashi.