Jerin toshe lambobin IP a qBittorrent: abin da na gani cikin wata huɗu

Ina da ɗan shagon koyar da kwamfuta a Jekadafari, nan cikin garin Gombe. Kwamfutoci shida ne, rauta ɗaya mai ɗaukar layin waya, sai sola da batir biyu da ke riƙe mu idan an ɗauke wuta. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne, wasu daga jami'ar jiha da ke Tudun Wada, wasu kuma 'yan Kashere da suke zuwa lokacin hutu. Abin da ya haɗa ni da BitTorrent, wato hanyar sauke fayil yanki-yanki daga kwamfutocin wasu mutane masu shi, ba wani abin ɓoyo ba ne: ina koyar da yadda ake saka Linux, tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows, kuma fayil ɗin Ubuntu 24.04, ɗaya daga nau'o'insa, ya kusa gigabait 6. Duk wanda ya taɓa sauke abu mai wannan girma da sabis ɗinmu ya san ciwon ya kai kashi 90 ya katse. Toren, wato saukewa ta BitTorrent, ba ya haka. Inda ya tsaya nan yake ɗorawa, kuma kowane yanki da ya shigo sai an tantance shi da lambar hatiminsa kafin a karɓa. Ubuntu da Debian da LibreOffice duk suna ba da kayansu ta wannan hanya a shafukansu, haka ma Kiwix mai ba da Wikipedia da ake karantawa ba tare da intanet ba.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta a Pantami ne ya kawo mini maganar jerin toshewa, wato jerin lambobin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet) da ake hana manhaja hulɗa da su. Ya tarar qBittorrent, manhajar da nake sauke toren da ita, a buɗe a kwamfutata, ya leƙa jerin waɗanda nake musaya da su, ya ga tutocin ƙasashe birjik, Jamus, Brazil, Indiya, sai ya kama baki.

"Malam, haka kake barin ƙofarka a wangale? Duk waɗannan fa suna ganinka."

Ya zaro filash daga aljihu ya ba ni wani fayil mai suna ipfilter.dat. Ya ce shekara da shekaru yana tare da shi, wani ubangidansa ne ya ba shi, kuma tunda ya saka babu abin da ya taɓa samunsa. Na karɓa da godiya, don na san da zuciya ɗaya ya ba ni.

Saka shi ba shi da wuya ko kaɗan, kuma a nan dole in yaba wa qBittorrent. A cikin saitin manhajar, ɓangaren da ya shafi haɗi, can ƙasa akwai wurin tace lambobi. Ka nuna masa inda fayil yake, ka danna ya karanta, shi ke nan. Yana karɓar nau'i uku: .dat irin na eMule, wata tsohuwar manhajar musayar fayiloli, da .p2p da .p2b waɗanda suka samo asali daga PeerGuardian, wata tsohuwar manhajar toshe lambobi. Ba a biyan ko kwabo, babu talla, kuma bai nauyaya ko tsohuwar kwamfutar da ta fi kowacce rauni a shagon ba. Idan ka buɗe fayil irin .p2p da manhajar rubutu za ka ga layuka ne kawai, kowane layi da suna a gaba, sai lambar farko da lambar ƙarshe ta zangon da za a toshe. Duk wanda lambarsa ta faɗa cikin zangon, manhajar ba za ta kira shi ba, in ya kira kuma ba za ta amsa ba. Iyakar aikin ke nan, kuma tana yinsa daidai.

A makon farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Akwai wani shafi a cikin manhajar da ke nuna lambobin da aka kora, ina kallo suna ta zuba kamar ƙanƙara, nakan ce a raina ashe duk waɗannan da suna shigowa. Na bi sauran kwamfutoci biyar na saka musu.

Sai ranar da zan fara sabon aji. Yadda nake yi shi ne, kwamfuta ɗaya ce ke sauke fayil daga intanet. In ta gama, sai in buɗe wannan toren ɗin a sauran, su kuma su gano 'yar'uwarsu ta cikin rauta su kwashe daga gare ta cikin 'yan mintuna, abin da za su ja daga waje kaɗan ne. Wani zai ce me ya hana filash. Dalili biyu: filash ɗin da aka tsara da FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, sannan filash da ke yawo hannun ɗalibai shi ne babbar hanyar shigowar ƙwayar cutar kwamfuta a shago irin nawa. Ranar na kunna su gab da Magariba, na ce wa yaron shago in sun gama ya kashe ya rufe. Ya jira har bayan Isha bai ga sun gama ba, sai ya bar su a kan batir ya tafi, a tunaninsa haka abin yake. Da sassafe ya kira ni.

"Oga, intanet fa ya ƙi tafiya, kuma ko ɗaya ba ta cika ba."

Data ce ta ƙare. Kusan gigabait 20 da na yi lissafin za ta kai mu ƙarshen wata, ta tafi a dare ɗaya. Tun bayan ƙarin kuɗin kira da data da aka amince da shi a farkon 2025, wanda ya kai kashi 50, wannan ba asara ce da mai ƙaramin shago zai kawar da kai a kanta ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma ajin ranar sai a allo muka yi shi.

Da na zauna na bi shafin lambobin da aka kora, sai ga 192.168.0 da ɗoriya suna ta maimaituwa. Kwamfutocina ne. Jerin ya ƙunshi lambobin cikin gida, irin waɗanda kowace rauta ke raba wa na'urorin da ke ƙarƙashinta, waɗanda ba sa fita intanet. Wato na sa kowace kwamfuta ta ƙi gaisawa da maƙwabciyarta da ke kan tebur ɗaya, sai kowacce ta juya ta nemi fayil ɗin daga Turai da Asiya da kuɗina. Garin neman gira aka rasa ido.

Wannan ya sa na buɗe fayil ɗin na karanta shi a tsanake, kuma abin da na gani na biyu ya fi na farko taɓa ni. Akwai layi guda da ya toshe duk lambar da ta fara da 102, tun daga 102.0.0.0 har 102.255.255.255, an rubuta a gefensa cewa ba a raba wa kowa ba. Na duba lambar da layina ke fita da ita intanet a wannan lokacin, da 102 ta fara.

Ga yadda abin yake. Lambobin IP irin waɗannan, da ake kira IPv4, gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne. Hukumar IANA mai kula da lambobin intanet ta duniya ce ta riƙa yanka su manya-manya tana ba hukumomin yankuna biyar, tamu ta Afirka ita ce AFRINIC mai mazauni a Mauritius. A watan Fabrairun 2011 aka raba manyan yankuna biyar na ƙarshe da suka rage, kowace hukuma ɗaya, rabon Afirka kuwa shi ne wanda ya fara da 102. Kafin wannan rana, duk wanda ya zo da lamba mai 102 to ta bogi ce, don haka masu haɗa jeri suna da hujjar toshe ta. Bayan ranar kuwa, miliyoyin 'yan Afirka ne a ciki. Fayil ɗin abokina an haɗa shi kafin lokacin, ya yi ta yawo daga filash zuwa filash fiye da shekara goma babu wanda ya taɓa shi. Mu da muka shigo intanet a makare, lambobinmu su ne sababbi, kuma tsohon jeri sababbin lambobi yake fara ci. Bature mai irin wannan fayil ba zai ji komai ba, abokan musayarsa suna nan. Ni kuwa ina zaune a Gombe ina korar mutanen Kano da Legas da Nairobi, waɗanda su ne mafi kusa da ni.

Na kira abokin nawa na faɗa masa, ba don in ɗora masa laifi ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Malam, ni ban taɓa buɗe shi ba." Na yarda da shi, domin ni ma sai da data ta ƙone na buɗe.

Ban yar da abin gaba ɗaya ba. Na nemo sabon jeri a intanet, wanda ake sabuntawa, na goge layukan cikin gida da hannuna, na yi wata uku da shi a kwamfuta ɗaya don in yi masa adalci. Ubuntu da Debian suna sauka lafiya, don masu rabawa suna da yawa, ko an kori wasu ba a ji. Amma a fayilolin da masu rabawa ba su wuce uku ko huɗu ba, irin wasu tsofaffin kundin Kiwix, nakan ga an kori ɗaya ko biyu daga ciki, gudun ya faɗi. Dalilin a fili yake: da yawa daga masu raba irin waɗannan kaya na kyauta jami'o'i ne da manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, su kuma jerin nan suna yawan toshe su a dunƙule. Kuma qBittorrent ba ya sabunta fayil ɗin da kansa, kai ne za ka riƙa saukewa kana sakawa. Transmission, wata manhajar toren ta daban, ya fi sauƙi ta wannan fuska, don adireshin jerin kake ba shi ya riƙa ɗaukowa. PeerBlock kuwa, wanda ya gaji PeerGuardian a Windows kuma har yanzu ake ba da shi hannu da hannu a shagunan gyara, fitowarsa ta ƙarshe tun 2014 ce.

Sai babbar maganar, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Abokina ya ce "duk waɗannan suna ganinka", kuma gaskiya ya faɗa. Inda aka yi kuskure shi ne zaton jerin zai hana su gani. Ba ya hanawa. Da zarar ka buɗe toren, manhajarka tana kai lambarka wurin dillali, wato sabar da ke haɗa masu nema da masu bayarwa, shi kuma aikinsa ya miƙa ta ga duk wanda ya tambaya. Ko babu dillali, akwai DHT, tsarin da manhajojin ke gano juna da kansu, akwai kuma musayar sunaye tsakanin abokan rabo, duk suna yaɗa ta. Jerin toshewa maigadi ne a bakin ƙofa da takardar sunaye a hannu: yana hana wasu shiga, amma lambar gidanka tana nan manne a allon kasuwa. Wanda ke son rubuta ta ba sai ya ƙwanƙwasa ba. In ma yana son shiga, ya sauya lamba ya zo da wadda ba ta cikin takardar, abin da ba ya ɗaukar minti biyar. Masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun nuna haka a 2012: masu raba fayilolin da suka fi farin jini ana rubuta lambobinsu cikin 'yan sa'o'i, kuma da yawa daga masu sa idon ba sa cikin jerin da mutane suka dogara da su. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Na san dalilin da ya sa wasu samari ke tambayata wannan fayil, fina-finai da manhajojin da aka fasa suke nufi. Ba na ba su, kuma ba na barin a yi a shagona. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma ni tun kafin doka, na ga yadda satar fasaha ta durƙusar da masu shirya fim na Hausa, mutanen da suka zuba jarinsu da guminsu. Kuma manhajar da aka fasa ita ce ke zuwa da cutar da jerin toshewa ba ya ko ganinta, don shi lamba yake dubawa, ba abin da ke cikin fayil ba.

To ina amfaninsa? Yana da shi, sai dai ƙarami ne, kuma na fi samunsa a jerin da na rubuta da hannuna. Wani lokaci za ka ga abokin rabo guda ya maƙale yana ta jan abin da kake ɗorawa, awa da awanni, adadin abin da ya samu ba ya motsi. Ga mai data ta awo, wannan zubar da kuɗi ne. A qBittorrent sai ka danna kansa da maɓallin dama ka kore shi har abada, lambarsa ta shiga wani ɗan jeri naka. Nawa yanzu bai kai lamba talatin ba, kuma kowacce na san dalilin shigarta. Masu turo gurɓataccen yanki kuwa ba sai ka wahala ba, manhajar da kanta take gane su ta hanyar hatimi, ta zubar da yankin, ta kore su in sun maimaita. Wanda kuma yake da dalilin ɓoye lambarsa daga abokan rabo, VPN, wato sabis ɗin da ke fitar da kai intanet da lambar wata saba maimakon taka, shi ne ke wannan aikin, da kuɗinsa da raguwar gudunsa, kuma sai ya ɗaure manhajar a kan VPN ɗin a cikin saiti don kada ta ci gaba a fili in ya katse.

Idan za ka gwada jerin duk da haka, kada ka karɓi na filash. Ka duba ranar da aka haɗa shi, ka buɗe shi da manhajar rubutu ka nemo 192.168 da 10.0 da 102 da 105 da 197 da 41, ka ga me aka ce a kansu, don da waɗannan huɗu na ƙarshe yawancin lambobin Najeriya ke farawa. Sannan ka bar shafin lambobin da aka kora a buɗe a ranar farko, ka riƙa leƙawa.

A shagona yanzu na cire babban jerin daga duka shidan. Kwamfutar da ke kusa da rauta ita kaɗai ke fita waje, na kuma ƙayyade mata gudun ɗorawa don in rama wa jama'a wani abu ba tare da na ƙare ba. Sauran biyar nakan zare layin daga rauta kafin in kunna musu toren, ta yadda babu inda za su je sai wurin 'yar'uwarsu. Makon jiya haka muka raba Debian, kafin ɗalibai su dawo daga sallar Azahar duk sun cika.