Kafin ka zuba dala a littafin duniyar D&D, duba wa aka yi wa shi

Mu biyar ne ke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a zauren wani abokinmu a Kabuga mu buga Dungeons & Dragons (D&D), wasan tebur da kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya a cikin labari ana jefa dayis, tabarma ɗaya, dayis saiti ɗaya da ake miƙa wa juna kamar ludayi, ni ne mai jan wasan, wato mai ba da labarin. Da muka gama labarin farko sai 'yan tebur suka ce a yi karo-karo a sayi littafin duniya guda, wato littafin da ke ba ka taswira da garuruwa da sarakuna da tarihin inda labari zai gudana. Kuɗin littafi ɗaya ne a hannunmu, dala 50 zuwa 60 kafin ma a zo maganar kuɗin aikowa da wanda zai riƙo maka daga waje, don haka na zauna na yi ta bincike, ga abin da na gani.

Duk inda ka leƙa duniyar Forgotten Realms za a fara tura maka, kuma ba wai don ta fi kowa daɗi ba ne. Kamfanin farko na wasan, TSR, ya taɓa ƙonewa a kan wannan harka. Daga ƙarshen shekarun 1980 suka yi ta zubo duniyoyi, Spelljammer a 1989, Dark Sun a 1991, Al-Qadim a 1992, Planescape a 1994, kowace da jerin littattafanta, sai ya zama sun raba kwastomominsu da hannunsu, mai son Dark Sun ba ya taɓa na Planescape, kuɗin bugu na hawa ciniki na rarrabuwa. Wannan na cikin abin da ya durƙusar da su har Wizards of the Coast suka saye su a 1997, su ma Hasbro ta haɗiye su a 1999. To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa da bugu na biyar na wasan ya fito a 2014 yawancin manyan labaransu a gefe ɗaya na Forgotten Realms aka zuba su, gaɓar tekun nan da ake kira Sword Coast. Fim ɗin da suka yi a 2023 can ne, gem ɗin Baldur's Gate 3 na wannan shekarar shi ma can ne, kowanne na yi wa ɗan'uwansa talla.

Shawarata kan ta kam, kar ka fara da sayen littafin bayaninta. Tun 1987 ake rubutu a kanta, bayanan sun cika intanet kyauta, da datar ɗari biyar za ka karanta tarihin Waterdeep, ɗaya daga manyan biranenta, har ka gaji. Amfaninta ɗaya a wajenmu, biyu daga cikin 'yan teburin sun buga gem ɗin a kwamfuta, ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Sai rukuni na biyu, waɗanda aka bugo don an san masu saye na nan a tsaye. Ravnica a 2018, Theros a 2020 da Strixhaven a 2021 duk daga wasan katin Magic: The Gathering aka ɗauko su, wanda shi ma na Wizards ne, zanen hotuna ma akwai shi a ajiye. Wildemount ta 2020 kuwa ta masu shirin Critical Role ce, shirin da ake buga wasan a gaban kyamara, da ke da ɗimbin 'yan kallo. In ba ka buga katin ba ka kallon shirin to ba kai aka yi wa ba, wuce abinka.

Na uku su ne tsofaffin da ake tonowa saboda waɗanda suka buga su suna yara yanzu sun zama magidanta masu albashi. Spelljammer ta 2022 ita ta fi ba ni haushi, dala 70, littattafai uku kowanne shafi 64, kwali mai kyau kamar lefe amma ka buɗe ka ga bayanin duniyar kansa ɗan tsiriri ne. Gara ka nemi tsohon bugun a shafin DMs Guild, suna sayar da PDF da sauƙi, ka kai shagon hoto-kofi a fitar maka a ɗinke. Dark Sun kuwa, wadda ni da kaina na fi sha'awa saboda hamada ce da ƙishirwa da sarakunan matsafa, ita ba a tono ta ba lokacin da nake binciken, wani jami'in Wizards ya faɗa a 2023 cewa abubuwan da ke cikinta suna da matsala a wannan zamani, akwai bauta da cinikin bayi a tsakiyar labarin.

Inda na fi daɗewa ina juyawa shi ne tsakanin Eberron da Mwangi Expanse. Eberron gasa ce ta haife ta, a 2002 kamfanin Wizards ya ce kowa ya aiko da tasa duniyar, aka samu wajen 11,000, ta Keith Baker ta ci, aka buga ta a 2004, na bugu na biyar ya fito a 2019. Duniya ce da aka gama yaƙin shekara ɗari kowa na ɗingishi, akwai jirgin ƙasa mai tafiya da tsafi, akwai mutanen ƙarfe da katako da aka ƙera don yaƙi yanzu ba su da aikin yi, ga birnin Sharn mai benaye kan benaye. Abin da ya ja ni wani abu ne da Bature mai sharhi ba zai kawo a ransa ba. Ran da na fara karanto wa 'yan tebur jerin allolin Forgotten Realms, babban cikinmu ya aje dayis ya ce "a'a Malam, ni fa ban da wannan, nemo min wani aikin." A can allolin suna saukowa su yi magana su yi faɗa, ba ka da yadda za ka kauce musu. A Eberron ba sa bayyana, ba wanda ya taɓa ganinsu, don haka mai jan wasa zai iya tura zancen gefe ya bar labarin a kan siyasa da leƙen asiri da rikicin gidajen 'yan kasuwa, ba abin da ya ɓaci.

Mwangi Expanse ta kamfanin Paizo ce masu Pathfinder, wani wasan tebur irin D&D, su kuma dabararsu daban, duniya ɗaya tak suka riƙe, Golarion, sai suka cusa kowane irin yanki a cikinta don kar su raba masu saye. Littafin ya fito a 2021, yanki ne da aka gina kan Afirka, kuma baƙaƙen fata da yawa na cikin marubutan, ana ji a jikin rubutun. Birnin Nantambu da makarantarsa ta Magaambya in kana karantawa sai ka riƙa tuno Tambutu. Dokokin Pathfinder kyauta suke a shafin Archives of Nethys, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai fama da katin dala, sai dai wlh sun fi na D&D lissafi, kuma tebur ɗin da da ƙyar ya haddace doka ɗaya in ka ce a koma wata sai an yi rigima. Yawancin littafin dai bayani ne, za ka iya ɗaukarsa ka buga da dokar da ka saba.

Masu son tsoro su duba Curse of Strahd ta 2016, littafi ɗaya ya haɗa duniya da labari daga matakin jarumi na 1 zuwa na 10, in an ɗauke wuta ka kunna fitilar waya ma ya fi armashi.

Mu dai Eberron muka ɗauka, PDF, muka fitar da babin Sharn kawai da taswira a takarda babba, ragowar kuɗin muka sayi dayis saiti biyu. Mwangi sai bayan sallah in an sake karo-karo, ɗan autan teburin ya riga ya fara rubuta jaruminsa, wai maƙeri ne daga Nantambu.