Kiran uwa da suna ko super() a Python

A ce ana rubuta manhajar shagon atamfa a Kantin Kwari. Akwai ajin (class) Kaya, ajin Atamfa ya gaje shi, wato Kaya ne uwa. Hanya biyu ce ta kiran aikin uwa, kamar __init__, aikin da ke gudana duk lokacin da aka ƙirƙiri sabon abu daga aji: Kaya.__init__(self, farashi), ko super().__init__(farashi).

Ta farko a fili take, amma sai ka miƙa self (abin da ake ƙirƙira ɗin kansa) da hannunka, kuma ranar da aka canza sunan Kaya sai bin layi-layi ana gyara.

Inda gizo ke saƙar shi ne gadon gida biyu. Azuzuwan Sari da Bashi sun gaji Kaya, Dila ta gaji su biyun. In kowa ya kira uwarsa da suna, __init__ na Kaya zai gudana sau biyu. Idan shi ke ƙara adadi a sito, turmi 10 ya koma 20 a lissafi. Shi kuwa super() jerin Dila.__mro__ yake bi, wato tsarin da Python ke bin azuzuwan da aka gada ɗaya bayan ɗaya: Dila, Sari, Bashi, Kaya, object, kowa sau ɗaya. Wato a nan super() na cikin Sari, Bashi yake kira, ba Kaya ba, abin da ke rikita sabon shiga. Ni super() na fi so, amma da sharaɗi: in Sari ta manta kiransa, Bashi da Kaya ba za su gudana ba, kuma Python ba zai ce uffan ba.