Manhajojin karanta allo: abin da na taras a Windows, Mac da Linux

Duk makahon da zai sayi kwamfuta, ya fara tambayar wace manhaja ce za ta riƙa karanta masa abin da ke kan allo, sannan ya zo kan batun kuɗi. Na yi aiki da Windows da Mac da Linux, duk da kunne, kuma alhamdulillahi yanzu kowace tana da mai karatunta. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Windows na zuwa da Narrator a cikinta. Ka danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter, sai ta fara magana. Tana fitar da mutum kunya idan aron kwamfuta aka ba shi. Amma ni aikina na kullum da NVDA nake yi. Wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara haɗa ta a 2006, James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, kuma har yau kyauta ce. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya ɗora ta a kan filash. In na shiga shagon buga takardu, sai in soka filash ɗin a kwamfutarsu, in tayar da ita, in saƙala abin sauraro a kunne, in gyara takardata da kaina ba tare da yaron shagon ya karanta mini sirrina ba. A shafin intanet kuwa harafin H kaɗai ya isa ya riƙa tsallaka da ni daga wannan kanu zuwa wancan. Wata manhajar karatun allon, JAWS, ta girmi NVDA, tun 1995 take kan Windows, kuma ƙwararriya ce, amma da dala ake saye. Ta gwaji minti 40 take yi, sai an sake kunna kwamfuta.

A Mac, VoiceOver ce, tun 2005 take cikinta. Command da F5 ke tayar da ita, har makaho kan iya ciro sabuwar kwamfuta daga kwali ya saita ta shi kaɗai. Muryarta da daɗi wallahi. Wanda ya saba da Windows zai ɗan sha fama kafin hannunsa ya faɗa, don tsarin maɓallanta daban ne, kuma NVDA da JAWS ba sa aiki a can. Ga kuma tsada: kwamfutocin hannu na biyu da yawancinmu ke iya saye Windows ce a kansu.

Linux na da Orca, ita ma kyauta, tana kuma tafiya da Firefox ta shiga intanet da LibreOffice ta rubuta takardu. Ta dace da mai son kwance-kwance da haƙurin saiti. Ɗalibi sabon shiga dai da Windows da NVDA zan fara shi.

Inda zuciyata ke sosuwa shi ne Hausa. Muryar Turanci in ta ci karo da rubutunmu sai ta dagula shi, "ƙasa" da "kasa" ba ka bambance su, wani lokacin ma ta haɗiye ɗ da ɓ ɗungurungum. Dabarar da nake yi ita ce in koma muryar eSpeak da ke zuwa tare da NVDA, in zaɓi Swahili. Wasulan sukan fito kusa da namu, in iya bin labari har ƙarshe, ko da yake c da ts ba sa fita yadda muke furta su. Jami'o'inmu cike suke da masana harshe da masu ilimin kwamfuta. Ina roƙonsu su zauna tare da mu su naɗi muryar Bahaushe mai fitar da haruffa masu lanƙwasa da karin sauti, su sake ta kyauta yadda za ta hau kowace kwamfuta.