Bindigar iska mai cin dalma 5.5: abin da gwajin nesa ya nuna mini

Damina biyu ke nan kurege da gafiya suna yi mini ɓarna a gonar gyaɗa da ke hanyar Liman Katagum a jihar Bauchi, shi ya sa na sayi bindigar iska ƙirar Jamus, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai cin dalma mai kaurin milimita 5.5. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin 'yan sanda, don haka sai da takarduna suka cika na fito da ita. Wanda ya sayar mini ya rantse za ta kayar da zabo daga nisan mita 80, amma ban yarda in auna abu mai rai da ita ba sai na ga aikinta a kan kwali.

Bayan an kwashe amfanin gona, na kafa kwali a gindin wata ganuwar ƙasa inda babu hanyar mutane ko ta dabbobi, na zana da'ira daidai girman murfin kwalba, na auna nisa da tef, kuma a kowane zango na yi harbi biyar. Ranar farko raina ya ɓaci, domin ko a mita 20 dalmar watsewa take yi. Daga baya na gane laifina ne: na danne ƙotar da ƙarfi, na kuma ɗora bindigar kai tsaye a kan dutse. Irin wannan bindiga sifirin ne a cikinta, kuma yana girgiza ta gaba da baya tun kafin dalma ta bar bututu, saboda haka sai an riƙe ta sako-sako a tafin hannu, an ja kunama a hankali, kuma riƙon ya zama iri ɗaya kowane lokaci. Da na gyara, biyar ɗin duk suka faɗa cikin da'irar. A mita 30 huɗu suka shiga, ɗaya ta goga gefe, abin da ya faranta mini rai ƙwarai.

Daga mita 50 labari ya canza. Dalmar tana sauka ƙasa da inda na saita fiye da faɗin tafin hannu, kuma da yake nauyinta bai wuce giram ɗaya ba, iskar hunturu da ke tasowa da hantsi tana ture ta gefe yadda ta ga dama. A mita 80 kuwa biyu kacal suka taɓa kwalin. Wanda ya harbi zabo daga can raunata shi kawai zai yi, ya tashi da ciwo ya je ya mutu a daji, kuma wannan ba abu ba ne da zuciyata za ta ɗauka. Wani dattijon maharbi da muke iyakar gona da shi, wanda ya tsufa da bindigar toka a kafaɗa, ya tsaya yana kallona, ya ce mini su a wajensu sanɗa ce rabin harbi.

Madubin saiti mai araha da na ɗora mata bai jure girgizar ba, saitinsa ya fara gocewa cikin mako biyu, na cire shi na koma saitin ƙarfen da ta zo da shi. Dalma mai zagayayyen kai ta fi mai tsini tafiya daidai. Bindigar tana da nauyi, ɗana ta kuma yana gajiyar da hannu, amma ƙirarta mai ƙwari ce kuma kunamarta ba ta da gardama. Yanzu na kafa turaku a mita 30 daga inuwar da nake zama, duk abin da ya wuce su ba na ɗaga masa bindiga, kuma kafin kowace fita nakan ƙara ɗaure sukurorin ƙota, domin su ma girgizar tana kwance su.