Ciwon gwiwa iri ɗaya, magani daban: me ya raba Hajiya da Goggo?

'Yar'uwa, kin ce mahaifiyarki Hajiya da goggonki duk sun haura shekara sittin kuma duk an ce musu amosanin gwiwa ne, amma likita ya rubuta wa Goggo ƙwayar diklofenak ta sha ta samu sauƙi, ya hana Hajiya ita saboda tana da hawan jini da ciwon suga, ya sallame ta da man shafawa da umarnin zuwa gashin ƙashi. Kina tambaya ko an yi wa Hajiya ƙwauron magani ne. A ganina ba a yi ba, domin likitan ya duba sauran jikinta ne, bai tsaya a gwiwa kaɗai ba.

Ta fuskar gwiwar, su biyun ba su da wani bambanci. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ne yake zaizayewa sannu a hankali, sai gaɓar ta riƙa ciwo idan an yi tafiya ko an hau bene ko an sunkuya sujada, ta kuma riƙe da safe na ɗan lokacin da bai cika kai rabin awa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da irin wannan ciwo a gaɓoɓi daban-daban, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

Bambancin yana fitowa ne a wurin ƙwaya. Diklofenak da ibufurofen da danginsu suna kashe zafi sosai, kuma ga mai irin lafiyar Goggo ana iya shan su na 'yan kwanaki bayan cin abinci, wani lokaci tare da omefurazol don kare ciki. A jikin Hajiya kuwa, ƙwayar nan tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ta ɗaga jini, ta rage ƙarfin maganin hawan jinin da take sha, sannan ta rage jinin da ke isa ƙoda, wadda suga da hawan jini sun riga sun daɗe suna gajiyar da ita. Haɗarin ya fi yawa idan tana shan maganin hawan jini irin su lisinofuril tare da maganin da ke sa yawan fitsari, musamman a zafin Kano na watannin Maris zuwa Mayu ko a lokacin azumi, sa'ad da jiki ke ƙarancin ruwa. Idan kuma an ɗora ta a kan asfirin saboda zuciya, haɗa su yana iya jawo gyambon ciki mai zubar jini. Abin takaicin shi ne ƙoda ba ta ciwo lokacin da take lalacewa, sai awon jini da na fitsari ne ke nunawa. Man diklofenak da aka ba ta kuwa, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, kuma gwiwa gaɓa ce da ke kusa da fata, don haka yana aiki a kanta. Farasitamol ya fi aminci ga su biyun, sai dai ƙarfinsa a wannan ciwo kaɗan ne.

Haka batun allurar sitiroyid, mai rage kumburi, da ake yi a cikin gaɓa yake. Goggo za ta iya samun sauƙin makonni ba tare da wata damuwa ba, amma a jikin Hajiya allurar takan ɗaga suga na kwanaki, don haka sai an riƙa aunawa. Wannan ne ya sa nake tsoron haɗin ƙwayoyin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda da sunan maganin sanyin ƙashi, domin ba a san abin da ke ciki ba, kuma akan tarar da sitiroyid da mai kashe zafi fiye da ɗaya. Tiramadol ma ba mafita ba ce ga tsoho, saboda jiri da faɗuwa da sabo. Ko gashi da ruwan zafi, wanda Goggo za ta yi ba fargaba, sai Hajiya ta fara taɓa ruwan da hannu, domin suga kan kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya ƙone bai ji ba.

Inda Hajiya ta fi Goggo riba shi ne motsa jiki da rage ƙiba. Kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, kuma ƙarfafa tsokar cinya yana ɗauke wa gaɓar wani kaso na aiki. Goggo gwiwa kawai za ta amfana, Hajiya kuwa sugarta da jininta ma za su sauka. Idan ta zauna wuri ɗaya don tsoron ciwo, tsoka za ta saki, nauyi ya ƙaru, suga ya hau, gwiwar ta ƙara tsanani. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren na gwiwar mai ciwo, da masai na zama maimakon na tsuguno, da yin salla a kujera a ranar da sujada ta gagara, duk suna taimaka musu daidai.

Idan abin ya kai ga tiyatar sauya gwiwa, wadda likitocin Asibitin Ƙashi na Dala za su iya duba cancantarta, shekaru ba su ne babban ma'auni ba. Goggo za ta fi saurin samun izini, Hajiya kuwa sai an daidaita suga da jini an duba zuciya da ƙoda, domin suga mai yawa yana jinkirta warkewar rauni kuma yana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Idan za ku koma asibiti, ki tattara duk magungunan Hajiya a leda ɗaya, har da na gargajiya, ki nemi a yi mata awon ƙoda. Idan kuma gwiwar ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi da ja, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai ta a ranar, domin wannan ba halin amosani ba ne, kuma mai suga ya fi saurin kamuwa da cuta a cikin gaɓa.