Ɗan sakandare ko ɗan jami'a: wa ya fi dacewa ƙungiyar besbol ta ɗauka?

Masu bibiyar ƙananan rukunonin besbol a Amurka suna yawan tambayar wanne ya fi.

Ta fuskar kuɗi, ɗan sakandare mai shekara 18 ya fi tsada, don idan kuɗin sa hannun bai gamsar da shi ba sai ya wuce jami'a. Ɗan jami'a da ke shekarar ƙarshe ba shi da wannan damar.

Wajen sauri kuwa, ɗan jami'a ne gaba. Ƙungiyar Pirates ta ɗauki mai jifa (mai jefa wa mai bugu ƙwallo) Paul Skenes daga jami'ar LSU a 2023, a Mayun 2024 har ya fara jifa a babban rukuni. Ɗan sakandare yakan bi matakai huɗu na ƙananan rukunoni, daga Single-A zuwa Triple-A, shi ya sa doka ta ba ƙungiya kakar wasa biyar kafin ta sa shi cikin jerin 'yan wasa 40 da take karewa don kada wata ƙungiya ta ɗauke su, ɗan jami'a kuwa huɗu. Haɗarin ɗaukar ɗan sakandare ya fi tsanani ga masu jifa: jijiyar gwiwar hannu na iya tsinkewa, aikin tiyata ya cinye sama da shekara. Amma daga sakandare ƙungiyar Angels ta ɗauko fitaccen ɗan wasa Mike Trout a 2009, a matsayi na 25 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar.

Ƙungiyar da ke neman kofi yanzu, ɗan jami'a ya fi mata. Mai sake gini, wadda za ta iya jira, ta ɗauki ɗan sakandare.